Kerkrade, garin mabusa

A kudancin ƙasar Holanda akwai wata jiha da ake kira Limburg. A cikinta akwai garin Kerkrade, dab da iyakar Jamus. A da, haƙar gawayin ƙasa ita ce babbar sana'ar mutanen garin. In sun fito daga rami, sai su taru da marece su koyi busa.

A shekara ta 1951 suka shirya gasa, suka gayyato mabusan wasu ƙasashe. Tun daga nan, galibi duk bayan shekara huɗu ake yin ta. Ta 2021 ce aka ɗage zuwa 2022 saboda annobar korona.

Ƙungiya guda takan kai mutum 60 ko fiye. Wasu na busa sarewa, wasu begila, wasu kuma na kiɗin ganga. Shugabansu na tsaye a gabansu da ɗan sanda, yana nuna musu inda za su ɗaga da inda za su sassauta. In mutum ɗaya ya yi gaggawa, ya ɓata wa sauran. Alƙalai na saurare, suna ba da maki.

A 1974 aka rufe ramin gawayi na ƙarshe a Limburg. Dubban magidanta suka rasa aikinsu, amma ƙungiyoyin busa ba su watse ba. Iyaye suka ci gaba da koya wa ƴaƴansu. Yau da busa aka san Kerkrade a duniya.

Tambayoyi
1. A wace jiha Kerkrade take?
2. Mi ya faru a 1974?
3. Faɗi kayan busa ukku na garinku.