Lokutan Fi'ili Na Ingilishi: Abin Da Yaran 'Yargoje Suka Koya Mana

Sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa a ƙasar Ƙanƙara, sai rabonmu ya faɗa 'Yargoje, aka ba mu aji huɗu mu koya musu Ingilishi. Ran da muka fara shiga muka tarar yaran sun haddace "go, went, gone" da "write, wrote, written" kamar karatun allo, ba gargada. Muka yi murna. Sai muka tambayi wani yaro mai kaifin hankali inda ubansa ya ke, ya miƙe ya ce, "He has gone to Kankara yesterday." Muka ce ya sake, ya maimaita haka nan, yana mamakin abin da mu ke nema. Da muka koma masauki muka yi ta juya maganar, muka ga ashe yaron bai yi wauta ba. Da Hausa ya yi tunani, Hausarsa kuwa daidai ta ke.

Ga asalin al'amarin. Bahaushe ba ya taɓa jikin fi'ili domin ya nuna jiya ko yau. Lamirin da ke gabansa shi ke ɗaukar wannan kaya: ya shuka, yana shuka, ya kan shuka, zai shuka. Abin da lamirin ke faɗa mana kuwa, galibi, shi ne ko aikin ya kammala ko yana cikin gudana. Shi ya sa mu ke cewa bara war haka yana noma, yau yana noma, baɗi war haka yana noma, "yana" ɗin nan ba ta motsa ba. Ingilishi bai yarda da haka ba, tilas a ce "was farming", ko "is farming", ko "will be farming". Mu da muka taɓa nahawu a zaure ba mu rasa abin kwatantawa ba, gama a Larabci in aka sa "kana" gaban mudari'i sai aikin ya koma baya, daidai da aikin "was". Amma fa wannan taimakon malami ne. 'Yan aji huɗu ba su kai Ajurumiyya ba, kada a ɗora musu ita.

Wurin da ya fi wuya shi ne "ya tafi". Kalma guda ce a wurinmu, Ingilishi kuwa ya raba ta biyu, "he went" da "he has gone". Mun yi kwana uku muna bayani a allo, ba mu ga amfani ba. Ran na huɗu muka ajiye alli, muka ce wa wani yaro ya fita ya tsaya bayan taga. Muka nuna wurin zamansa, aji duka suka ce, "He has gone out." Sa'an nan muka kira shi ya komo ya zauna, muka tambaye su ko har yanzu a iya faɗin haka. Suka yi dariya, suka ce a'a, ga shi nan zaune. To, sai muka ba su "He went out a minute ago." Daga nan ƙa'idar ta fito da kanta: in ana duban abin da aikin ya bari har yanzu, "has gone" ke nan, in kuwa an ambaci lokacin da ya shige, kamar jiya ko bara ko 1960, sai "went". Kowace safiya kuma mu kan sa yaro ɗaya ya ba da labarin abin da ya yi a gona jiya, wani ya faɗi abin da ya riga ya gama yau.

Akwai kuskure guda wanda mu ne muka shuka shi. Domin neman sauƙi muka gaya musu duk inda suka ji "ina" su sa "I am" da "-ing". Ba a yi mako ba sai ga "I am having a goat" cike da littattafansu, watau ina da akuya. Dole muka koma muka ware "have", "know", "want" da "understand", muka nuna musu waɗannan ba su cika karɓar "-ing" ba in ana nufin mallaka ko sani ko so. Haka kuma "na sani" da "na gane", ko da ya ke sun yi kama da abin da ya wuce, fassararsu "I know" da "I understand".

Sai a lura da kunne kuma. Yawancin kalmomin Hausa da wasali su ke ƙarewa, saboda haka ƙarshen "walked" ya kan maƙale a bakin yaro, malami ya kasa sanin ko ya san abin ko bai sani ba. Mun ga ya fi kyau a fara da irin su "planted" da "wanted", inda ƙarshen ke fita sarai. Fi'ilan da ba su bin ƙa'idar "-ed" kuwa sun kai wajen 200, biyar a mako sun isa, kowanne cikin jimla.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yi suna wajen Ingilishin baka, a can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Mu burinmu bai kai can ba tukuna. Muna so ne yaron 'Yargoje in ya rubuta wa wansa da ke Ikko takarda, kada ya sa "Father is ill" alhali nufinsa "Father was ill", ya sa mutum ya bar sana'arsa ya kashe kuɗin mota, ya zo ya tarar da tsoho a gona yana yankan dawa.

Maganar "will" da "going to" ba mu gama gwada ta a aji ba, mun bar ta sai fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.