Darasin Lafiya: Laka da Hanyoyinta

'Yan'uwa manoma, a cikin ƙashin bayanmu akwai laka, tsawonta wajen inci 18. Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta. Hanyoyin da ke cikinta iri biyu ne: waɗansu suna hawa da labarin zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, waɗansu suna saukowa da umurni zuwa hannu da ƙafa.

In mun taka ƙaya a gona, laka da kanta takan sa mu ɗaga ƙafa tun ƙwaƙwalwa ba ta sani ba. Labarin zafin kuwa yakan haye zuwa ɗayan gefen laka, ya hau sama. Da fari mu ji suka, daga baya zugi.

To, laka in ta tsinke, ba ta sāke haɗuwa. Saboda haka in mutum ya faɗo daga itace ko amalanke, ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada mu zaunar da shi, kada mu goya shi a keke. Mu kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure, wani ya riƙe kansa daidai, mu kai shi asibiti.