Abin da ya haɗa rufin kwano, faifan CD da fuskar waya

A kasuwar Illela, daf da iyakar Birnin Ƙonni, shagunan caji da na masu POS da yawa na kwano ne. Kwano yana da tudu da kwari a jere, kimanin santimita 7.6 daga tudu zuwa tudu, kuma wannan tazarar ce ke yanke inda sigina za ta nufa idan ta buge shi.

Masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi lissafin irin wannan shimfiɗa a 1907. Ana kwatanta tazarar ne da tsawon zangon igiyar. Idan zangon ya wuce ninki biyu na tazarar, igiyar tana komawa ta hanya ɗaya kamar daga madubi. Idan bai kai tazarar ba, sai ta tsage zuwa kusurwoyi ƙayyadaddu.

Siginar 900 MHz zangonta santimita 33 ne, don haka kwano madubi ne a wajenta. Wi-Fi na 5 GHz kuwa santimita 6 ne, shi yake tsagewa, rassansa su haɗu su ƙarfafa juna a nan, su kashe juna a can. Shi ya sa gusar da waya kaɗan kan canza ƙarfin sigina.

Haske ma haka yake. Layukan CD tazararsu maikiromita 1.6 ce, kowane launi da kusurwarsa, sai bakan gizo ya bayyana. A haska tocila a fuskar waya tana kashe, za a ga ɗigogin launi a jere.

Sigina dai ba ta ratsa kwano. Gara a ajiye MiFi ko na'urar POS kusa da ƙofa ko taga.