Raya Matacciyar Ƙasa da Hukuncin Ƙaura Zuwa Duniyar Mas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan zancen da wasu attajiran Amurka, irin su Elon Musk, suke yi ne, wai ɗan Adam ya ƙaura zuwa duniyar Mas, wadda Larabawa ke kira Mirrihu, ya gyara iskarta da ƙasarta har ta zaunu. Shin Shari'a ta yarda?

Ƙaura don neman arziki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu tarihi sun ce maƙeran Abagayawa daga Gaya suka taso neman tama, suka sauka a gindin Dala. Kuma a Suratu Hudu, aya ta 61, Allah Ya nuna cewa daga ƙasa Ya fare mu, Ya ɗora mana aikin raya ta. A fiƙihu akwai babi guda mai suna Ihya'ul Mawati, watau raya matacciyar ƙasa. A wurin Malikiyya, wanda ya fitar da ruwa a dajin da ba mai shi, ko ya yi gini, ko ya dasa itace, ko ya yi huɗa, to, ya mallake shi. In kusa da gari ne, sai da izinin shugaba. Saboda haka bincike da niyyar rayawa ba haramun ba ne.

Amma fa sai a dubi halin Mas. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na iskarta ba ya shaƙuwa, sanyinta kan kai awo 60 ƙasa da sifiri, na'urar da Amurka ta harba a 2020 kuwa sai da ta yi kusan wata 7 a hanya. Aya ta 195 a Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Don haka a 2014 hukumar harkokin addini ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta haramta tafiyar da babu dawowa.

Sa'an nan Shari'a na gabatar da mafi muhimmanci. Ga matacciyar ƙasa nan a ƙofar gida. Dattawan Gaya da Ajingi ba su manta da farin 1973 ba, kuma jigawar da aka sare wa itatuwa, iska ke kwashe ta. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski, abin da suke kira sassaben zamani, har kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Gawo ma, da damina yake kaɗe ganye, ya taki gero bai yi masa inuwa ba. A ganinmu, manomin Ajingi da ya bar gawo goma a gonarsa ya shiga wannan babi tun kafin wani ya taka Mas.

Wallahu a'alamu.