Darasi Kan Ambaliyar Ruwa A Ƙasar Dutse

Mu kan karanta labarin biranen bakin teku, irin su Ikko, yadda ruwa ya ke cin gaɓarsu. A shekarar 1953 teku ya fasa jinga a ƙasar Holan, mutum fiye da 1,800 suka hallaka. Daga nan mutanen ƙasar suka ɗaura ɗamara, suka yi shekaru suna ƙarfafa jingarsu. To, mu nan Jigawa ba mu da teku, amma darasin namu ne.

Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ya bi ta Ringim ya nufi gabas. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a 1992. In damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika, ruwa ya kan gangaro mana. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga yashi da ciyawar kacala sun toshe hanyar kogin, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Haka aka gani a 2022, sa'ad da ruwa ya ci garuruwa a Ringim da Jahun da Miga. A Dutse kuwa, wadda ta zama hedkwatar jiha a 1991, ruwan sama ne ya ke zubowa daga duwatsu. In ya tarar an yi gini a kan hanyarsa, ya bi ta cikin ɗaki.

Ga abin da ya kamata mu koya wa almajiranmu:

1. Kada a yi gini a fadama ko a cike kududdufi, gama can ne masaukin ruwa.
2. A yi gayya a yashe magudanai tun da bazara.
3. A gyara yaɓe da indararo, gama ginin ƙasa daga tushe ya ke jiƙewa ya faɗi.
4. A kafa rumbu a kan tudu.
5. In hukuma ta yi gargaɗi, a kai wa mai unguwa da dagaci labari, a kwashe yara da tsofaffi tun hanya ba ta yanke ba.

Ruwan sama rahama ne, amma masu hikima sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.