Ku fitar da bayananku tun manhajar tana buɗuwa

Wani malamin kimiyya ɗan Ƙetare, mai karatun digiri na biyu a fannin sinadarai, ya kawo mini kwamfutarsa ɗakin bincike ransa a ɓace. Aikinsa a kan sinadaran sabara da marke da darbejiya ne, itatuwan da ake jiƙa wa marasa lafiya a ƙasar Ƙanƙara. Ya tara ɗaruruwan sinadarai a rumbun wata manhaja, kowanne da zanensa da lambar CAS da takardar da ya samo shi. Na ga aikin tun yana lafiya, ba shi da makusa.

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin ya rutsa da shi a gida. Ita kuwa manhajar sai ta leƙa intanet lokaci-lokaci ta tabbatar da lasisi. Ba sabis, ta kulle. Ko da ya fito inda ake samun layi, wa'adin lasisin ɗalibai ya cika. Rumbu cike da hatsi, makulli a hannun wani.

Maimakon ya nemi na fannin, sai ya nufi shagon masu gyaran kwamfuta. Mai shagon ya ɗora masa manhajar sata, rumbu ya buɗe, ya fitar da komai a fayil ɗin CSV guda, ya buɗe shi a manhajar jadawali, ya adana. Daga nan ya ce kwamfutar ta kamu da bairos, ya goge ta tas, ya karɓi kuɗin aiki biyu. Asalin rumbun ya tafi. Abin da ya saura shi ne wannan fayil ɗaya a filashi.

"Malam, ai komai yana ciki, ya nuna mini," in ji shi.

Na ce, "Zauna mu duba tare."

Ya saka kafeyin, sinadarin nan na goro, don gwadawa da sauran. Lambarsa 58-08-2. A fayil ɗin ta koma 2 ga Agusta 1958. Duk lambar da ta yi kama da kwanan wata haka ta zama, don ba wanda ya gaya wa manhajar cewa rubutu ne ba lissafi ba. Wannan fa tsohuwar matsala ce: a 2020 sai da kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya irin su SEPT1 da MARCH1 saboda Excel na mai da su kwanan wata. Amma mai shago ina ya taɓa ji?

Sunayen da ke da waƙafi a ciki, masu farawa da 3,4,5, sun tarwatse gida-gida, sun ture nauyi zuwa gurbin wani abu daban. Sunayen itatuwa na Hausa, duk inda ƙ ko ɗ take, alamar tambaya ce ta maye gurbinta. Waɗannan da haƙuri ana gyarawa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne zanen. An fitar da SMILES, wato zanen sinadari a rubuce, ba tare da alamun fuskantar ƙwayoyin zarra ba, babu @ ko ɗaya a fayil ɗin. Kwinin da ya saka a matsayin ma'auni ya zama ba a bambance shi da kwinidin: na farko an san shi da zazzaɓin cizon sauro, na biyu da daidaita bugun zuciya, haɗin zarransu ɗaya, fuskantar ce ta raba su. Azadiraktin na darbejiya yana da irin waɗannan cibiyoyi 16, an shafe su baki ɗaya. Da ya ɗauki wannan fayil ya yi gwajin haɗuwa da furotin, manhajar za ta zaɓa masa siffar da ta ga dama, ta ba shi lambobi masu kyan gani, ya kai wa mai duba shi, a sa hannu. Ina ganin irinsu a wajen kare bincike, wallahi, sakamako a kan sinadarin da babu shi a jikin itacen.

Dole ya koma PubChem da takardun asali yana bi ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ya zana da hannunsa daga tsofaffin mujallu sai sabon zane. Zangon karatu guda ya tafi a haka.

Don Allah ɗalibai, ku ji. Rumbun da ke cikin manhaja ba naku ba ne sai ranar da kuka fitar da shi. Zane a SDF ake fitar da shi. In za ku yi CSV, ku haɗa da SMILES mai alamun fuskanta da InChIKey, ku adana da UTF-8. Lambar CAS rubutu ce. Kada ku danna fayil ɗin sau biyu ya buɗe da kansa, ku shigo da shi, ku zaɓi rubutu a gurbinta.

Kuma fitarwa ba ita ce ƙarshe ba. Ku buɗe fayil ɗin da wata manhajar daban, Open Babel da DataWarrior kyauta ne, ku ƙirga. In sinadarai 300 suka shiga, alamar $$$$ sau 300 za ta fito a SDF. In ta gaza, wani ya faɗi a hanya. Ku duba ko iya waɗanda kuka tace aka fitar, ko duka.

Mai shagon kwamfuta gyaran allo da batir ya sani. Kada ku ba shi rumbun bincike, kada ku yarda ya goge komai kafin ku kwafe. Na sake faɗa, kada ku ba shi. Kwafi kuma ba a ajiye shi a jaka ɗaya da kwamfutar, musamman ga mai bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Masu turo mini hoton allo ta WhatsApp kuna cewa ga zanen sinadari, ba zan sake zana wa kowa ba, ku turo fayil.