Ƙyallaye Sun Cika Mini Buhu

Tambaya: Anti, shekara biyu ina harhaɗa ƙyallaye don in ɗinka bargo. Ya ƙi ƙarewa, launukan ma sun ƙi zama. In haƙura? Daga wata mai ɗinki, Maiyama.

Amsa: Ƙanwata, kada ki haƙura, dama aikin na a-hankali ne. Ki ware atamfa daban, shadda daban, don nauyinsu ba ɗaya ba ne, in kin haɗa su ɗinkin zai tattare. Ki wanke kowane ƙyalle tukuna, mai zuba guda ɗaya ya isa ya ɓata sauran. Ki riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan, kina gogewa kina ajiyewa. Launi kuwa, ki sayo shuɗin yadi a kasuwar Jega ki ratsa tsakaninsu, za ki ga sun zauna. Tsohon zani ya isa shafi. Ki fara kammala ƙarami na jariri kafin hunturu.